Allon Ƙasarmu Ya Miƙe Tsaye

Litinin

Zuwa ga Mai Alfarma Uwargida, Shugabar Majalisar Ƙoli ta Gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda nauyinta ya zarce abin da aka yarda matafiyi ya shiga jirgi da shi, ina fatan kina lafiya, ke da babban baƙon da ya yi wata bakwai yana zaune a cikinki ba tare da ya nuna wa kowa takardar izini ba. Yaya kumburin ƙafa? Yaya Inna da gwiwarta? Yaya zafi a ɗakin haihuwa, an gyara muku fankar nan kuwa, ko har yanzu da kwali kuke yi wa masu naƙuda fifita?

Kada ki yi mamakin ganin hoton takarda maimakon ki ji muryata. Ɗaki ɗaya aka haɗa ni da jami'in tsare-tsare na tawagarmu, mutumin da kunnensa ke jin faɗuwar allura, bakinsa kuma bai san hanyar ko'ina ba sai kunnen Darakta, shugaban tawagar. Saboda haka na koma ga alƙalami, kamar manyan malaman da suka gabata.

Ina sanar da majalisarki cewa bawanki ya iso taron sauyin yanayi lafiya. Zauren ya kai girman asibitinku sau biyar. Kowace ƙasa da teburinta, da makirfo, da wani ɗan dogon allo mai ɗauke da sunanta. Tafintoci suna can sama cikin ɗakunan gilashi kamar kifaye, suna juya kowace kalma zuwa harsuna shida. Ni kuwa na saka kwat ɗin nan da kika ce ta mai da ni kamar lauyan da bai taɓa cin shari'a ba.

Yanzu sai maganar da na ɓoye miki tun kafin tafiya, domin ta hana ni cin abinci. Kin san shekara biyu na yi ina ƙirga hayaƙin ƙasarmu, na manyan motoci da injinan wuta da masana'antu, har abokan aiki suka laƙaba mini Kashi-cikin-Ɗari. Lissafina ya nuna za mu iya rage kashi ashirin da biyar daga abin da muke fitarwa yau. Takardar ta hau sama, ta yi wata uku, ta sauko da kashi arba'in. Na yi murna har na kusa rungumar masinja. Sai da na karanta ƙananan rubutun ƙasa na gane dabarar. Ashe ba daga hayaƙin yau za a rage ba, daga wanda aka ƙiyasta wai za mu fitar nan gaba ne, an kuma kumbura ƙiyasin har ya ninka. Misalinsa, Uwargida, mutum ne mai cin burodi biyar kullum ya miƙe gaban jama'a ya ce da nufinsa ya riƙa cin goma, amma saboda ƙaunar talikai zai tsaya a shida, a tafa masa don ya rage huɗu. Hayaƙinmu ƙaruwa zai yi da kashi ashirin. A shafin ƙarshe kuma, inda aka rubuta wanda ya yi lissafi, sunan mijinki ne.

Da safen nan Darakta ya tara mu ya ce kowa ya ɗinke bakinsa, shi kaɗai ne muryar ƙasa. Da yana faɗa, ni yake kallo. Kin tuna wanda ya riƙe teburina kafin ni, wanda ya yi wa ɗan jarida magana jimla ɗaya? Ke ce kika leƙa ta taga kika ga ana loda katifarsu a mota, mako guda bayan an sallame shi, domin gidan ma'aikata ba ya jiran kowa. Ƙofarsu ce ke kallon tamu. Tun da na zo nan motar nan nake gani.

Ki sha ruwa da yawa. Kada ki sake tsayawa awa shida a kan ƙafa kamar ranar da kika yanke jiki kika faɗi a bazarar bara. Ki gaida Inna.

Naki mai cikakkiyar biyayya,
Kashi-cikin-Ɗari

Laraba

Zuwa ga Uwargida, wadda nake roƙon ta nemi kujera kafin ta ci gaba da karatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da ke da baƙo da Inna. Na ji daɗin labarin fanka, ko da yake kin ce juyi uku ta yi ta sake mutuwa.

Wata gagarumar musiba ta afka wa mijinki yau da hantsi, kuma musabbabinta kwalbar ruwa ce.

Sai na fara yi miki bayanin dokar zauren. A nan ba a ɗaga hannu. Muddin allon ƙasa yana kwance, ƙasar ta yi shiru. Idan aka miƙar da shi tsaye, ƙasar ta nemi izinin magana ke nan, duk abin da ya fito daga makirfon kuma maganar ƙasa ce, ko da akuya ce zaune a kujerar. Na san wannan doka. Na karanta ta, har na ja mata layi.

Ana tsakiyar zama aka kira Darakta waya daga gida. Ya ce in zauna a kujerarsa don kada a ga wurinmu wayam, ya kuma gargaɗe ni kada in taɓa komai, ko numfashi in yi shi da lissafi. Na zauna na kumbura kamar jakada. A hannun damana akwai wakiliyar wata ƙaramar ƙasa ta tsibiri, dattijuwa mai furfura, wadda jiya ta nuna mini hoton makabartar garinsu da teku ya cinye rabinta. Ita ke da magana a lokacin. Ta roƙi duk ƙasar da ta auna alkawarinta da hayaƙin da ba a fitar ba tukuna ta taimaka ta faɗa wa duniya, a lamba tsirara, ko hayaƙinta raguwa zai yi ko ƙaruwa. Kowa ya shiga binciken faratansa.

Na miƙa hannu ga kwalbar ruwa don in sha, hannun kwat ya ture ta. Ruwa ya malala ya nufi allo. Ni kuma ɗan gidan tarbiyya, wanda kika hore shi da cewa ba a barin ruwa ya jiƙa kayan mutane, sai na yi wuf na ɗaga allon na kafa shi tsaye, na zaro hankici na duƙufa ina goge tebur. Ina cikin wannan hidima ta ƙasa na ji shugabar zama ta ambaci sunanmu, tana gode mana da muka zama na farko da ya amsa. Makirfo ya kawo jar wuta. Fuskata ta bayyana a babban majigi, da jiƙaƙƙen hankici a hannu.

Uwargida, na ga lahira da idona. Na gode wa shugabar zama. Na gode wa masu masauki. Na jinjina wa tafintoci, da masu shara, da al'ummomin da suka shuɗe da waɗanda ke tafe. Na zazzage duk manyan kalmomin da na tara tun daga makaranta, ina satar kallon ƙofa ko Darakta zai shigo. Bai shigo ba. Kalmomi suka ƙare. Dattijuwar nan ta juyo tana dubana, babu fushi a fuskarta, irin kallon da Inna ke yi mini idan ta tambaye ni ko na ci abinci alhali ta san amsar. Kin san ni, zan iya zuzuta komai a duniya, amma lamba ba ta taɓa fita daga bakina a karkace ba. Sai na ji muryata tana cewa bisa takardar da muka gabatar, hayaƙin ƙasarmu zai ƙaru da kashi ashirin.

Na ga bakunan tafintoci suna motsi a cikin gilashi. Na ga masu rubuta kundin taro sun sunkuya. Kafin in kwantar da allon, mutane a bayan zaure sun fara danna wayoyinsu.

Darakta ya dawo, wani ya raɗa masa. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya gyara mini wuyan kwat a hankali, ya ce in je in huta. Jami'in tsare-tsare ya kwashe kayansa daga ɗakinmu kamar ina da cuta mai yaɗuwa. Da la'asar aka turo mini takarda mai layi uku ta ƙarƙashin ƙofa. Ta ce jami'in da ya yi magana, wato ni, ya yi kuskuren lissafi saboda gajiyar tafiya, alkawarin ƙasa ragin kashi arba'in ne. Gobe kafin a rufe kundin wannan zama zan ɗaga allo in karanta ta da bakina. Idan na karanta, an yafe. Idan ban karanta ba, ba sai an faɗa mini ba.

Layi uku ne kacal. Saura wata biyu ki haihu. Ina za mu kai jariri? Na karanta ta sau goma gaban madubin banɗaki, tana fita sumul. Ki faɗa mini abin da zan yi, don Allah, kaina ya daina aiki.

Naki cikin matsanancin firgici,
Kashi-cikin-Ɗari

Alhamis

Uwargida,

Assalamu alaikum. Yaya jikinki, yaya baƙo, yaya Inna? Allah ya sa ba ki gaya mata komai ba tukuna.

Amsarki ta iso. Na nemi hukunci, kika ƙi yankewa. Kika ce ke ma tsoro kike ji, har kin kasa haɗiye abinci. Kika ce sau da yawa kakanni kan roƙe ki ki ƙara wa jariri nauyi a kati don hankalin dangi ya kwanta, ba ki taɓa yi ba, domin da katin ake ba shi magani. Daga nan kika koma zancen fanka. Na yi fushi da ke na kusan minti goma.

Duk da haka ki sani da niyyar karantawa na shiga zauren. Ba zan yi miki ƙaryar jarumta ba. Na ninke takardar a aljihun gaba, na zauna a kujera, Darakta ya zauna a bayana har ina jin numfashinsa a ƙeyata. Dattijuwar tsibiri ta gaishe ni, na kasa ɗago ido.

Shugabar zama ta ce za a rufe kundi, idan akwai ƙasar da ke da gyara ta nuna. Darakta ya taɓa kafaɗata. Na aika wa hannuna umarni, hannu ya ƙi karɓar saƙo. Motar katifa nake gani. Sai kuma na gan ki kwance a simintin asibiti a bazarar bara, ana yayyafa miki ruwa, ranar da kuka rasa jarirai biyu saboda zafi. Na ƙara kashi ashirin a kan zafin wannan rana, na ajiye namu jaririn a cikinta. Tsoro biyu suka danne ni, ɗaya a kowane hannu, na kasa motsi.

Ta sake tambaya. Darakta ya miƙo hannu ta saman kafaɗata, yatsunsa suka kai ga allon. Na ce shi ke nan, zai ɗaga da kansa. Amma wanda ya ɗaga allon, shi ne zai yi magana, shi kuma dattijuwar nan za ta tambaya lamba tsirara a gaban kyamarori. Yatsun suka tsaya a kan allon, ina kallon agogonsa yana tafiya. Sai ya janye hannun, ya mai da shi cinyarsa.

Ta tambaya karo na uku, ta duba dama da hagu, ta buga guduma.

Kada ki ɗauka duniya ta gyaru. Takardar ƙasarmu tana nan da arba'in ɗinta. Abin da ya faru kawai shi ne lambata ta zauna a kundi, wasu ƙasashe kuma sun nemi mu sake gabatar da alkawarinmu a taro na gaba. Ko za a yi, ban sani ba. Na dai san ba ni za a ba lissafin ba.

A bakin zaure Darakta ya cire katin shiga daga wuyana da hannunsa. Ya ce shekara ashirin da takwas yana wannan aiki bai taɓa ganin wawa irina ba, kuma jirgina gobe da safe ne. Sannan ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, watan haihuwarki. Na faɗa masa. Ya ce takardun sallama sukan daɗe a kan teburinsa, shi mutum ne mai yawan mantuwa, amma kada in dogara da mantuwarsa fiye da wata uku. Ya juya ya tafi bai jira godiya ba.

To, abin da na samo mana ke nan: wata uku, in Allah ya yarda. Za ki haihu a ɗakinki. Bayan nan ban san komai ba. Ki yafe mini, na jefa ki cikin abin da ba ki zaɓa ba. Ki ce wa yayanki ya fara sa ido ko za a samu ɗaki kusa da asibiti, mai taga biyu idan da hali. Kada ki ɗaga komai mai nauyi, kada kuma ki zo tarbata cikin rana. Inna kuwa ki bar mini ita, ni zan durƙusa in faɗa mata da bakina.

Ki kula mini da kanki. Sai na iso.

Mijinki