Dabarar Rairayi a Kan Ƙanƙara

Soundview, Bronx

Yaya Illa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya iyali, ya hanyar Agadas?

Dabarar da ka koya mini, ta rage wa taya iska idan za a shiga rairayi, ta kusa halaka mu. Ranar Litinin muka wayi gari dusar ƙanƙara ta rufe titi. Maƙwabcina Alhaji Fuseini, mutumin Kumasi, ya daɗe yana cewa in sa tayoyin sanyi. Na ce wanda ya ratsa hamadar Tenere ba a koya masa taya. Na tsugunna na rage iskar duka huɗun, na ɗauki matata Hadiza za mu awon ciki.

A gangaren gada na taɓa birki. Mota ta ƙwace, ta juya, sai ga mu muna fuskantar motocin da ke bayanmu! Hadiza ta riƙe ciki tana salati. Allah ya tsare, ita da cikin lafiya lau.

Bakanike ya ce sanyi ya busar da robar tayoyina kamar tsohuwar fata, rage iskar kuma ƙara ɓata abin ya yi. Tayar sanyi ce ba ta sandarewa.

A sa mu a addu'a, haihuwa ta kusa. Ka gai da Inna, amma kada ta ji. Hadiza ta ce daga yau bas za ta shiga, mu riƙe Tenerenmu.

Ƙaninka,
Sani