Likkafanin Hajiya a Kan Teku

Ruwan Godiya,
ta hannun Ofishin Gona, Faskari.
20 ga Oktoba, 1975.

Zuwa ga ƙanena Harisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka Zulaihatu, kuma ta same ku a tudu, ƙafafunku na taka ƙasa. Ban taɓa zaton zan sa wannan cikin addu'ar gaisuwa ba, amma ga inda ka kai mu. Mu nan mun yi ƙaramar salla lafiya. Gero ya shiga rumbu, dawa ta yi kai, auduga ta fara fashewa. Yara duk lafiya lau. Maganar tsohuwarmu Hajiya Dada kuwa, ita ce dalilin takardar nan.

Wasiƙarka da hoton da ka aiko daga Lome sun iso ran Laraba. Na lura ba ka san komai ba, don haka bari in koma baya. Wata biyu da suka wuce, Gide direba ya dawo daga kai shanu Ikko, ya shigo zaurena ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ce ya je gidanka bai same ka ba, sai maigadi ya ba shi saƙo: kai da matarka kun shiga teku cikin jirgin nan marar inji da Baturenka ya bar maka, guguwa ta kama ku wajen Badagiri ta yayyaga shi, ana neman farin yadi kamu ashirin da gaggawa, kuma kada a faɗa wa Hajiya. Harisu, ka tsaya ka yi tunani. A ƙasarmu, in an yi haɗari, aka aiko neman farin yadi, aka ce a ɓoye wa uwa, me ya rage a tambaya?

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Surukarka Hajaratu ta taso daga Mabai da ƙafa, ta shigo tana kiran sunan ɗiyarta, ka ga kuwa ba sauran ɓoyo. Liman ya ce ba za a yi muku salla ba sai ruwa ya ba da gawa, amma mutane ba su fasa zuwa gaisuwa ba. Ni na zauna kan tabarma na karɓi gaisuwar mutuwarka, kwana uku cur. Hajiya ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta sa aka jawo mata akwatinta na ƙarfe, ta fiddo likkafanin da ta sayo a Makka bara, wanda ta wanke da zamzam da hannunta, ta turara shi, ta ajiye wa kanta. Na ce ta bari in sayo wani a kasuwar Yankara. Ta ce ba za a naɗe ɗanta da yadin kasuwa ba alhali nata na nan, in kuma ruwa ya ba da ku duka biyu, a raba shi biyu. Shi muka ƙulle muka ba Gide.

Bayan sati biyu ya dawo da bushara, wai ya same ka a ƙofar gida kana cin gasasshiyar masara. An yi guɗa, an yi sadakar waina. Da na tambaye shi ƙunshin, sai ya sunkuyar da kai ya ce yana wurinka a ajiye. Ashe kunya ce ta hana shi faɗa maka abin da ke ciki, ya miƙa maka ya juyo.

To, ran Laraba na tara gida a gindin darbejiya don in karanta takardarka kowa ya ji. Na karanta inda ka ce jiragen siminti sun cushe tashar jiragen ruwa har ƙyallen da ka yi oda ya kasa sauka, shi ya sa ka nemi saƙar gida mai kauri don ka yi wa ƙyallen jirginka da iska ke turawa faci. Na karanta yadda kuka bi gaɓa daga Ikko zuwa Kwatano har Lome, ku biyu rak, kuna kwana cikin jirgi, da safe kuna sayen kifi wurin masunta, bishiyoyin kwakwa na biye da ku ta hannun dama. Kai da nake goyawa mu tsallake rafin bayan gari kana ihu! Wai har Zulaihatu ke riƙe sitiyari in kana barci. Hajaratu ta dafe ƙirji, ta ce ita dai ba ta haifi matuƙin jirgi ba. Muna cikin wannan mamaki bakina ya wuce hankalina, na karanta inda kake godiya da farin yadi, ka ce bai kai kaurin da kake so ba, amma Zulaihatu ta ninka shi biyu ta ɗinke, ga shi da ƙamshi, kuma tun da aka sa shi iska ba ta sake yi muku rashin kunya ba. Sai da na kai aya na ji abin da na faɗa.

Harisu, likkafanin uwarka ka rataya wa iska. Na san ba ka sani ba, na san kuma tsoron hankalinta ya tashi ne ya sa ka ce a ɓoye mata, amma har yanzu in na tuna sai in yi salati. Nan take na ce zan buga maka waya daga Funtuwa ka kwance shi a ranar. Hajiya ta ɗaga hannu, ta ce a ba ta hoton. Ta daɗe tana kallonku, kai da gajeren wando, Zulaihatu ta ɗaure gyale a ƙugu tana dariya. Ta ɗora yatsa kan facin nan da ya fi sauran fari, ta tambaye ni ko in an cire shi jirgin zai iya kawo ku gida. Na ce ba na tsammani. Sai ta ce to kada wanda ya taɓa shi sai kun taka ƙasa. Ta ce dama don ya rufe ku biyu ta bayar, ga shi ya rufe ku da ranku, ita ba ta da ƙara wurin Allah. Abu ɗaya ta roƙa: in kun sauka ka kwance shi, ka kawo mata da hannunka, ba ta hannun Gide ba.

Yanzu ga abin da ba ta sa ni in rubuta ba. Tun ranar da Gide ya kawo labarin farko jikinta bai koma daidai ba. Ƙafafunta sun kumbura, salla a zaune take yi, ban da koko ba abin da ke wucewa. Ranar kasuwar Yankara da ta wuce na je ni kaɗai na sayo alawayyo kamu ashirin, na ɓoye shi a ɗakina bisa rumfa, ko matata ba ta sani ba. Na ji kunyar kaina ƙwarai sa'ad da mai yadin ke aunawa.

Hajaratu na gaishe ku, ta ce ka gaya wa Zulaihatu ta sauko daga kan ruwan nan haka. Liman na gaishe ka, da Baba Audi, da Mero da yaranta. Gide ma ya ce a gaishe ka, yana neman gafara. Hajiya na sa muku albarka. Allah Ya ba ku iska mai kyau, Ya juyo da ku gida. Ka taho da na Hajiya, Harisu, kada ka bari in sauko da nawa na bisa rumfa.

Ni ne wanka,
Mamuda.