Tabon Gira

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan ƙalau muke.

Kin san idona ya fara gajiya da zaman kwamfuta, shi ya sa na ce wa matata Maman Biyu ta riƙa zuwa shago in ta kai yara makaranta. Ni in ɗauki hoto, ita ta gyara. Abin da na koya mata bai taka kara ya karya ba: yadda za ta yanke gefen hoto in tarkace ya yi yawa, ta miƙar da shi in ya karkace, ta ƙara haske in fuska ta yi duhu, ta rage ja in kala ta yi zafi. Ranar farko ta mai da wani bawan Allah fari fat kamar ya faɗa buhun fulawa, na yi dariya har da hawaye.

Amma ƙanwar taki akwai kai. Jiya wani malamin makaranta ya shigo, ina zaune a bakin ƙofa, ya gaishe ni, sannan ya leƙa bayana yana tambayar ina mai gyaran. Shekara ashirin da biyu ina sana'ar nan, Yaya. Ba komai dai, na ce in ba ki labari ne.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Dogo

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Ki yi haƙuri da shirun da na yi wata uku, abin da ke raina ne ba ya faɗuwa.

Yanzu layi ake yi wa Maman Biyu. Telan da ke maƙwabtaka da mu har ya sa wa shagona suna shagon madam, ina dariyar da ba ta wuce fuska ba. Abin da ya fi ci mini rai, ba ta yin komai da ban sani ba. Maɓallan da na nuna mata ne, sai dai ita ta san inda za ta tsaya. In na ƙara haske sai ya yi yawa, in ta taɓa sai mutum ya fito kamar zai yi magana. Na fara neman laifinta a gida, yau gishiri, gobe guga.

Makon jiya wata tsohuwar nas ta kawo hoton marigayi mijinta, shi kaɗai gare ta, ruwa ya ci rabinsa. Na ce ba zai gyaru ba. Maman Biyu ta karɓa, ta kwana uku tana bin tabon ruwan ɗigo-ɗigo. Da ta tafi ɗauko yara na buɗe aikin, na ga ya yi kyau, kyan ne ma ya ƙona ni. Na ce ai ni ma sai hannuna ya shiga. Na goge wani tabo a girarsa da ta bari, na sulɓe fatar, na cike wushiryarsa, na buga na sa a firam.

Matar ta zo, ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan ba mijinta ba ne, tabon nan a gabanta ya ji shi ranar da ya faɗo daga tsani yana gyara musu rufi. Daidai nan Maman Biyu ta shigo, matar ta hau ta da faɗa, wai an cuce ta da aka ce ta iya. Yaya, ina tsaye ban ce uffan ba. Maman Biyu ta kalli hoton, ta kalle ni sau ɗaya, sannan ta durƙusa ta ba matar haƙuri. Kuma wallahi a lokacin wani sanyi na ji a raina.

Tun ranar ba ta sake taka shagon ba. Tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwa, shi ke nan. Ki faɗa mini abin yi.

Ƙanenki,
Dogo

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta sau biyu, na biyun ya fi zafi. Ban san kin iya wanke mutum da biro haka ba.

Na bi maganarki. Na nemi gidan nas ɗin, na faɗa mata ni ne na ɓata hoton, da dalilina. Ta ce ta yi aikin asibiti shekara talatin ba ta taɓa ganin mai irin ciwona ya kawo kansa ba. Da na dawo na ba Maman Biyu haƙuri, a gaban yara ma, don in ji kunyar sosai. Ta sake aikin daga farko, da tabon da wushiryar. Matar ta rungume firam ɗin tana kuka.

Shago dai ta ce ba za ta koma ba. Kwamfutar tana falo yanzu, masu son gyaran hoto nan suke zuwa, ni ina can da kyamarata. Ba zan yi miki ƙarya ba, har yau in aka yabe ta sai na ji wani abu ya soke ni, sai dai yanzu ina faɗa mata, ta yi dariya ta ce in sha ruwa.

Roƙona ɗaya: ki aiko da hoton Baba, wanda ya karye a tsakiya. Ta ce za ta gyara mana. An yarda in zauna kusa in riƙa faɗa mata yadda kamanninsa suke, da sharaɗin hannuwana su kasance a aljihu.

Tana gaishe ki, yara ma haka.

Ƙanenki,
Dogo