Barkar da ta Riga Goro

Kano, 1999

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Albishirinki! Salamatu ta sauka lafiya, namiji. Ga goro na ba direban motar Yako, a kai wa Kawu Mainasara a Tudun Wada, tunda shi zai raɗa suna.

Inna, a ofis an koya mini wani abu a kwamfuta. Na tara ma'aikatanmu na Bebeji da Tudun Wada da Doguwa a rukuni guda. In na rubuta saƙo sau ɗaya na danna, kowa ya samu nan take. Da labarin haihuwar na gwada.

Ɗanki,
Hamidu

Yako

Hamidu,

Ina amsawa. Allah ya raya, ya shirya mana.

Na yi sakandare, na san tangaraho, amma wannan ya fi ƙarfin kaina. Goronka yana tasha ba a ko sauke shi ba, wani malamin gona na ofishinku ya tare kawunka a kasuwar Tudun Wada yana masa barka. Da aka gaya mini, haɓa na riƙe. Magana ta taso daga Kano ba mota ba ɗan aike, ta riga kowa! Ikon Allah sai kallo.

Amma ka yi wauta. Wan ubanka ya ji haihuwar gidansa a bakin bare, a gaban mahauta! Ya maido goron, ya ce wanda ya fara ji ya je ya raɗa sunan. Na'urarka ta san hanya, ba ta san babba ba. Ka hau mota yau, ka je ka durƙusa.

Mahaifiyarka

Kano

Inna,

Ina gaisuwa. Na je. Ya bar ni a zaure har la'asar, sannan ya sa na bayyana masa rukunin nan, na sake, na kuma sakewa. "Duk a dannawa ɗaya?" kawai yake cewa. Bai ce zai zo ba.

Hamidu

Yako

Hamidu,

Kawunka ya aiko a mayar masa da goronsa, zai zo. Sharaɗinsa ɗaya: a saka shi a rukunin, kuma sunansa a sama.

Ni ban iya ce masa ba shi da kwamfuta ba. Kai ka faɗa masa, bayan suna.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka