Laimar Aro

Zuwa ga Kun-lin, hasken idona, sanyin ƙirjina, raɓar safiya a kan gorar garin Puli, wanda sunansa ya fi mini sabuwar shinkafa daɗi a baki. Gaisuwa mai tarin yawa daga zuciyar da ba ta san hutu ba tun ranar da teku ta ɗauke ka. Yaya aiki, yaya gajiyar ruwa? Kana cin abinci kuwa, ko har yanzu shayi da sigari ne ke riƙe da kai?

Daga tashar jirgin ƙasa ta Keelung nake rubuto maka, a kan bencin nan na kusa da taga. In ka ga tawada ta baje, ba hawaye ne kaɗai ba, gashina ma ɗiga yake yi. Ai ka san garin nan, ruwansa ba ya neman dalili.

Ka tuna ranar da na rako ka, masoyina? Muka shigo jirgin nan mai tsayawa a kowane ƙauye don shi ne mai araha, muka iso ƙugu ya sage. Ba mu da na masauki, dole in juya a ranar, shi ya sa muka yi ta yawo kamar za mu cinye garin kafin yamma. Muka hau tudu muna haki, ka nuna mini jirgin dakon kayan da ya ɗauke ka aiki, shirwa na ta shawagi a kansa. Ka ce da na ƙifta ido ka dawo an ɗaura mana aure. Wayyo bakin nan naka! Daga nan muka sauko rumfar Inna Hsu da ke ƙofar ɗakin ibada, muka sayi taliya kwano ɗaya, cokali biyu. Ta harare ka, ta ce wannan wane irin ango ne da zai kashe 'yar mutane da yunwa tun ba a kai ta ba, sannan ta ƙara mana romo ba tare da mun roƙa ba.

Sai ruwa ya kece. Ka ruga da gudu, ka dawo da koriyar laima, irin ta bakin titi, ƙarfenta ɗaya ma a karkace, kana miƙo mini kana washe baki. Na ɓoye hannuwana a baya. Laima, Kun-lin? A ranar tafiyarka? Wane yaro ne a ƙasar nan bai san sunan laima da kalmar rabuwa ɗaya suke fita a yarenmu ba? Wa ke ba masoyiyarsa kyautar laima in ba wanda ya gaji da ita ba? Inna Hsu ta ɗago ludayi ta kira ka sakarai. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce to ba kyauta ba ce, aro ne. Ka ce in riƙe maka, ranar da jirgi ya dawo in kawo maka ita bakin ruwan nan, in damƙa maka hannu da hannu. A kan haka na karɓa, a kan haka kaɗai.

Ka san yadda na riƙe ta kuwa? Na miƙe ƙarfen da ya karkace, na ɗinke bakinta, na rataye ta a bayan ƙofar ɗakina. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba na buɗe ta, don kar kayan aro ya tsufa a hannuna. Mama tana yi mini tsiya, wai saura in riƙa kunna mata turare. Da saƙonninka suka fara ja baya, na ce teku ce. Da suka ɗauke ɗif, na ce aiki ne. Babu uzurin da ban nema maka ba, ya kai inuwar raina.

Yau jirginku ya dawo. Na roƙi hutun yini a wurin aiki, na ƙulle curin shinkafa a leda, na sake shigo jirgin nan mai tafiyar hawainiya, laima a kan cinyata kamar jaririya. Na tsaya a ƙofar tashar ruwa, maza suna ta fitowa da jakunkuna, ina ɗaga wuya. Duk mai faɗin kafaɗa sai in ɗauka kai ne. Can sai ga A-Piao, abokinka, wanda da in ya hango ni tun daga nesa yake ihun amaryarmu, amaryarmu. Yau takalminsa ya yi ta kallo. Ya ce ka sauka a Singafo, ka koma wani jirgin. Ya ce lafiyarka ƙalau, har ƙiba ka yi. Ya juya zai tafi, ya dawo, ya ce akwai saƙo: wai in riƙe laimar, ka bar mini.

Ka bar mini! Haba Kun-lin, haba! Da cewa ka yi ka manta da wata laima, da na ce halin maza ne. Amma ka tuna. Ka tuna sarai, ka zauna ka zaɓi maganar da ka san ni kaɗai za ta huda, ka ɗora ta a bakin bawan Allah da ba ruwansa. Me na yi maka? Wace iska ce ta juya ka? Ban tambayi A-Piao ko akwai wata ba, don na ji tsoron ya amsa. Raina ya ɓaci, ina jin haushinka kamar in jefa ka a tekun nan, kuma ina sonka kamar jiya. Duka biyun suna cina.

To ka saurara, gajimaren da ya ƙi sauka a gonata. Aro ba ya zama kyauta sai wanda aka ba ya miƙa hannu, ni kuwa nawa suna baya kamar ranar nan. Na kai laimarka rumfar Inna Hsu, tana rataye a ƙusa kusa da tukunyar romo. Baiwar Allah ba ta tambaye ni komai ba. Ta ajiye mini kwano cike, cokali ɗaya, ko loma ban ci ba. Da zan tafi ta ce 'yar nan, ki shiga cikinta ko zuwa tasha ne, kya aiko mini da ita. Na ce a'a Inna, mai ita bai zo ba.

Ka zo ka ɗauki kayanka da hannunka. In rabuwa kake so, ka tsaya a gabana a bakin ruwan nan ka faɗe ta da sunanta, ina kallon idonka. In ka iya, zan ji. A-Piao ya yi alkawarin takardar nan za ta same ka, yana can bakin ƙofa yana jira in gama. Jirgina ya kusa, daga tasha zuwa gida kuma akwai tafiyar ƙasa, sama ga ta nan baƙa ƙirin. Ba komai. Ba zan shiga laimar kowa ba.

Taka har ruwan garin nan ya ƙare, wadda ke jiranka a jiƙe,

Yueh-chin