Fuskar Mama a Jikin Kwalba

Litinin, 13 ga Nuwamba

Na buɗe shago na tarar da abin takaici. Kyandirori arba'in da na jera a taga, duk sitikar jikin kwalaben ta koma ruwan ɗorawa. Hoton Mama ne a kai, wanda aka ɗauke ta ranar aurena tana dariya. Yanzu sai ka ce mai ciwon shawara. Sati uku kacal da manna su.

Saura kwana ashirin da huɗu Ranar Kyandir, daren da kowane gida a ƙasar nan ke jera kyandir a ƙofa, kuma Doña Herminia mai otal tana jiran guda ɗari biyu daga wurina.

Talata, 14 ga Nuwamba

Na je maɗaba'a na dire wa Don Abelardo kwalba uku a kan teburinsa. Ko tashi bai yi ba. Wai, “Doña Griselda, ai na nuna miki sitika ta roba wadda ba ta shan mai. Kika ce wa ke saye, na ce ƙanwarki, kika ce a bar ta, ke takarda kike so.”

Ban tuna na faɗi haka ba. Ko na faɗa, ai aikinsa ne ya matsa mini.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Ƙanwata Nohemí ta wuni tana goge kwalabenta a ƙofar shagonta, daidai inda zan gani. Sitikarta fara tas.

Shekara huɗu ina jinyar Mama. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke narka kaki da hannu ɗaya ina riƙe da cokalin magani a ɗayan. Ita tana can birnin Bucaramanga, sai waya ranar Lahadi. Aka yi jana'iza, ba a yi wata uku ba ta dawo ta buɗe shagon kyandir a tsallaken titi, da haɗin turaren Mama. Mutane kuma suna shiga.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Nohemí ta shigo shagona. Ba sallamar kirki, ta ɗauki kwalba ɗaya ta shinshina bayanta.

“Yaya, man ƙamshin banilar nan ne. Kina zuba kaki yana ɗiga, kina gogewa da tsumma ɗaya ba ko sipirit, kina manna takarda kwalba da sauran ɗumi. Sannan ki jera su a rana. Me kike so su yi?”

Na ce tun tana tsotsar yatsa nake zuba kyandir. Ta ce, “To ai shi ya sa, hannun ya tsufa.” Na ce ta ajiye mini kaya ta fita. A bakin ƙofa ta juyo wai fuskar uwarta ce ita ma, ba ta son ganin ta haka. Uwarta. Yau ta san tana da uwa.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

A coci ta zauna a benci na biyu, wurin Mama. Ban ji komai a huɗubar ba.

Talata, 21 ga Nuwamba

Doña Herminia ta zo duba kayanta. Ta juya kwalbar, ta juya, ta ce, “Griselda, ƙamshin nan babu irinsa a garin nan. Amma baƙina 'yan babban birni ne, Bogotá, ido suke fara saye da shi. In haka za su zama, zan tsallaka titi.”

Sai da ta faɗi “tsallaka titi”. Da ta ce za ta sayo a wani gari da bai yi mini zafi haka ba. Shekara tara tana saye a gidanmu.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Na ja labule don kada wata ta gani, na yi gwaji. Kwalba shida. Uku na yi yadda na saba. Uku na bar su kwana biyu tun shekaranjiya suka huce sosai, na goge su da sipirit, na wanke hannu, na manna sitika, na fesa musu man nan marar launi mai kare rana. A shagon fenti na sayo shi, na ce wa mai shagon kujera zan gyara. Duka shidan na ɗora su a kan katangar bayan gida, inda rana ta fi duka.

Ba don Nohemí ta faɗa ba. Don na tabbatar shirme take.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Ba ta gaishe ni ba, ban gaishe ta ba.

Laraba, 29 ga Nuwamba

Ukun farko gefensu ya fara yin kamar an ɗiga musu shayi, daidai inda yatsana ke dannawa. Sauran ukun suna nan fes.

Na daɗe a tsaye ina kallon su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na tuna Mama tana ajiye kwalbar sipirit a ƙarƙashin teburin aiki. Ni na ɗauka na ciwon gwiwarta ne. Kenan Nohemí ta lura da abin da ni da na zauna da ita ban lura ba.

Na koma wurin Don Abelardo na ce ya buga mini ɗari biyu da hamsin a ta roba. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce in ya ambaci sunan kowa zan fasa. Ya ce, “Ni ban san kowa ba, Doña.” Yana dariya ƙasa-ƙasa, tsohon banza.

Litinin, 4 ga Disamba

Kwana huɗu ina ɓare tsofaffin sitika da ruwan ɗumi, farcena duk sun karye. Sababbin suna cikin kwali a ɗakin ciki, taga kuma na sa kwalaben da babu komai a jikinsu. Doña Herminia ta karɓi nata, ta ɗaga ɗaya ta ce, “Yauwa, ga mahaifiyarki Doña Ubaldina ta warke.”

Talata, 5 ga Disamba

Yau na sha kallo. Wata mata ta dawo wa Nohemí da kyandir biyar, tana faɗa har titi. Wai suna ci su yi rami a tsakiya, wutar ta nutse ta mutu. Daga nan inda nake na gane matsalar: lagwaninta ya yi siriri ga faɗin kwalbar. Mama ba ta taɓa rubuta wannan ba, a hannu ake sanin sa, kuma sai wanda ya zauna.

Ta tsaya tana ba matar haƙuri, kunnuwanta sun yi ja kamar lokacin da take yarinya in an kama ta da laifi. Na ji daɗi. Har na dafa kofi na zauna a ƙofa.

Kofin ya huce ban sha ba.

Juma'a, 8 ga Disamba

Jiya aka yi Ranar Kyandir, ban samu rubutu ba.

Shekaranjiya da hantsi na tsallaka titi da ƙullin lagwani mai kauri. Na jefa mata a tebur na ce ya yi mini yawa ne, yana tare mini wuri. Ta duba shi ta dube ni. Ta ce, “Yaya, saura kwana ɗaya, ba zan iya sake narka kyandir tamanin ni kaɗai ba.” Na ce wannan matsalarta ce. Sai na ga yadda ta riƙe butar kakin a karkace, za ta ƙone kanta ta ja mana magana a gari. Na ce ta matsa.

Mun gama wajen la'asar. Ba mu yi wata hira ba. Sau ɗaya ta tambaye ni ko Mama ta sha wahala a ƙarshe. Na ce ta sha. Ta ci gaba da gyara lagwani.

Ta dafa miyar kaza da rogo, ta ce sai na ci kafin na tafi. Gishiri ya yi yawa, har yanzu ba ta iya girki ba, na kuma faɗa mata. Kwano biyu na ci.