Jarumin da Nake Shafa wa Tawada

New York, Afrilu 1941

Ƙanwata Ebdokiya,

Gaisuwa mai yawa, kamar ruwan tekun da ya raba mu. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau.

Har yanzu ina shafa tawada a zanen jarumin jarida, mai tashi sama. Kullum maigidana cewa yake, "Kai Bagirke, bar shi a bakin mutuwa, gobe su sayi jarida!" Yara masu karantawa suna firgita, ni kuwa ko a jikina, domin mun zana kuɓutarsa tun makonni shida da suka wuce.

Amma shafin farko na jaridar ya ce sojojin Jamus sun shiga garinmu Salonika, kuma babu wanda ya zana mini gobenku. Allah ya tsare ku. Ki rubuto, ko da sunanki kaɗai.

Yayanki,
Lamburos